Shiga da Fitar 'Yan Wasa a Atlanta Braves, Daga 2021 Zuwa 2025

Kowace safiya a lokacin kakar besbol, kafin in duba ko Atlanta Braves ta ci wasan daren jiya ko an ci ta, abin da nake fara karantawa shi ne gajeriyar sanarwar da ƙungiyar ke fitarwa kan sauye-sauyen 'yan wasanta: an kira wane daga Gwinnett, ƙaramar ƙungiyarta da ke mataki ɗaya ƙasa da babbar gasa, an mayar da wane, an sa wane a jerin masu jinya na kwana 15, an sallami wane. Yawanci layi biyu ne ko uku, babu hoto, babu yabo, kuma sau da yawa sunayen da ke ciki ba waɗanda ake sayen rigunansu ba ne. Amma shekarun da na yi ina bin wannan ƙungiya sun tabbatar mini cewa labarin kaka yana fara bayyana ne a waɗannan layukan, makonni kafin ya fito a teburin gasa.

Dalilin haka yana cikin tsarin wasan kansa. A babbar gasar besbol ta Amurka akwai ƙungiyoyi 30, kowacce tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan, kuma ba a yarda ta riƙe fiye da mutum 26 da za su iya fita fili a rana ɗaya ba, sai a watan Satumba da ake ƙara biyu. A bayan waɗannan akwai babban jeri na mutum 40, wanda daga cikinsa ake ɗauko duk wanda za a saka idan wani ya ji rauni ko hannunsa ya gaji. Idan ana son shigo da sabon mutum alhali jerin arba'in ya cika, dole a cire wani, kuma wanda aka cire ɗin kowace ƙungiya tana iya ɗauke shi. Saboda haka duk ƙaramin motsi yana da farashinsa, kuma babu ƙungiyar da ke ƙare kaka da mutanen da ta fara da su.

Ranar da na fahimci nauyin wannan al'amari ita ce 10 ga Yuli, 2021. Ana wasa a Miami, Ronald Acuña Jr., matashin ɗan Venezuela wanda shi ne hasken ƙungiyar, ya bi wata ƙwallo da Jazz Chisholm ya buga can ƙarshen fili ta hannun dama, ya yi tsalle kusa da katanga, ya sauko a kan ƙafar dama, gwiwar ta lanƙwashe. Ya yi ƙoƙarin takawa da kansa, ya kasa, ya zauna a ƙasa, aka kawo ƙaramar mota aka ɗauke shi yana hawaye. Jijiyar gwiwa ce ta tsinke, kakarsa ta ƙare. A lokacin ƙungiyar ba ta taɓa samun rana ɗaya a shekarar da nasarorinta suka fi rashin nasararta yawa ba, mai jifa Mike Soroka ya sake tsinka agararsa, kuma aka tafi hutun tsakiyar kaka da nasara 44 da rashin nasara 45. Ni kaina na yanke cewa shekarar ta wuce, kuma abin da ya dace shi ne a sayar da 'yan wasan da kwantiraginsu ke dab da ƙarewa, a karɓi matasa, a jira baɗi. Haka mafi yawan ƙungiyoyi ke yi idan suka tsinci kansu a irin wannan hali a watan Yuli.

Alex Anthopoulos, wanda ke riƙe da ragamar saye da musayar 'yan wasa a Atlanta, bai bi wannan hanyar ba. Ranar 15 ga Yuli ya ɗauko Joc Pederson daga Chicago Cubs. Ranar 30 ga watan, wadda ita ce ranar rufe kasuwar musaya a shekarar, ya ƙaro mutum uku masu tsaron bayan fili: Adam Duvall daga Miami, Jorge Soler daga Kansas City, da Eddie Rosario daga Cleveland. Na karanta sunayen a ranar ban ji komai a raina ba. Soler yana cikin mummunar shekara, bai kai samun bugu mai kyau biyu a cikin kowane goma ba. Rosario kuwa yana jinyar rauni a tsokar ciki, sai ƙarshen Agusta ya fara buga wa Atlanta wasa, kuma abin da aka ba Cleveland a madadinsa shi ne Pablo Sandoval, wanda suka sallama nan take. Wato dai an kwaso mutanen da wasu ƙungiyoyi ke neman sauke nauyin albashinsu ne, ba tare da an taɓa ko ɗaya daga cikin manyan matasan da Atlanta ke renowa ba.

Abin da Anthopoulos ya gani, wanda ni ban gani ba, shi ne rukunin da Atlanta take ciki, na gabashin National League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na babbar gasar, ba shi da gwani a shekarar. New York Mets da ke kan gaba ba ta yi nisa ba, kuma duk da tarin rashin nasarar Atlanta, jimillar makin da take ci ya fi wanda ake cin ta yawa, alamar cewa ƙungiyar ta fi abin da tebur ke nunawa kyau. Babu mutum ɗaya a kasuwa da zai maye gurbin Acuña, don haka aka raba aikinsa ga mutum huɗu. A farkon Agusta nasarori suka rinjayi rashin nasara a karon farko, aka gama kaka da nasara 88, wadda ita ce mafi ƙaranci a cikin duk ƙungiyoyin da suka kai zagayen fitar da gwani a shekarar. An yi ta maganar cewa 44 kafin hutu da 44 bayan hutu sun dace da lambar rigar Hank Aaron, gwarzon ƙungiyar da ya rasu a watan Janairun shekarar, kuma na yarda abin ya taɓa ni.

A watan Oktoba mutanen nan huɗu suka biya kuɗinsu har da riba. Rosario ya samu bugu mai kyau 14 a wasa shida da aka yi da Los Angeles Dodgers, aka zaɓe shi gwarzon zagayen. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai daga wasa na shida shi ne aikin Tyler Matzek, wani mai jifa da hannun hagu wanda a shekarun baya jifa ta ƙwace masa gaba ɗaya, har ya fice daga tsarin manyan ƙungiyoyi ya koma buga wasa a wata ƙaramar gasa mai zaman kanta, kafin Atlanta ta ba shi kwantiragin ƙananan rukuni, irin wanda ba wanda ke lura da shi. A zagaye na bakwai daga cikin tara na wasan aka kira shi, Dodgers na da mutum a tasha ta biyu da ta uku, wato dab da cin maki, ba a fitar da ko mutum ɗaya ba, tazarar maki biyu ce kacal. Ya fitar da Albert Pujols, ya fitar da Steven Souza, sannan ya tsaya gaban Mookie Betts ya fitar da shi da jifa uku masu ƙarfi, ya sauko daga tudun jifa yana ihu. A wasan ƙarshe na World Series, wato karawar ƙarshe ta cin kofi, da Houston Astros, ranar 2 ga Nuwamba, Soler ya buga ƙwallon da ta tsallake katanga ta fice daga filin baki ɗaya, Max Fried ya yi zagaye shida ba a ci shi ko maki ɗaya ba, aka tashi 7 da 0. Ƙwallon ƙarshe Dansby Swanson ne ya tare ta ya jefa wa Freddie Freeman a tasha ta ɗaya. Rabon Atlanta da wannan kofi tun 1995.

Waɗannan mutum biyu da suka haɗu a ƙwallon ƙarshe, cikin wata goma sha huɗu duk sun bar ƙungiyar, kuma a nan ne bin jerin sunaye ya fara yi mini ɗaci. Freeman ya shiga tsarin Atlanta tun 2007, ya fara buga mata babbar gasa a 2010, ya zauna a shekarun da aka rushe ƙungiyar ana shan kashi, aka zaɓe shi gwarzon National League a 2020. Kwantiraginsa ya ƙare daidai lokacin da masu ƙungiyoyi suka rufe harkar gaba ɗaya saboda taƙaddama da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, tsawon kwana 99. Da aka buɗe, ranar 14 ga Maris, 2022, sai kawai na ga sanarwa cewa an ba Oakland matasa huɗu, ciki har da Cristian Pache da Shea Langeliers, an karɓo Matt Olson, wanda shi ma mai tsaron tasha ta ɗaya ne. Ba a ambaci Freeman a sanarwar ba, amma kowa ya gane. Washegari aka ba Olson kwantiragin shekara takwas a kan dala miliyan 168, kwanaki kaɗan bayan haka Freeman ya sa hannu da Dodgers na shekara shida a kan dala miliyan 162.

Idan lissafi za a bi, ba ni da abin da zan kushe. Olson ya fi Freeman ƙuruciya da sama da shekara huɗu, ɗan yankin Atlanta ne, ba ya fashin wasa, kuma a 2023 ya buga ƙwallo 54 waje da katanga, abin da babu ɗan ƙungiyar da ya taɓa yi a kaka ɗaya. Duk da haka har yau ina ganin an yi sakaci daga ɓangarorin biyu, domin mutumin da ya dawo Atlanta a watan Yunin 2022 sanye da rigar Dodgers, ya shiga ɗakin ganawa da 'yan jarida ya kasa magana saboda kuka har sai da ya fita ya dawo, ba mutum ne da ya so tafiya ba. Lokacin da ya buga ƙwallon da ta kawo maki huɗu ta kammala wasan farko na World Series na 2024 a kan Yankees, na yi masa murna da zuciya ɗaya, amma ban iya sake kallon bugun ba sai bayan kwanaki.

Tafiyar Freeman, da ta Swanson zuwa Cubs a Disambar 2022, da ta Fried zuwa Yankees a Disambar 2024, duk suna kan tsari guda. A besbol ɗan wasa ba ya samun 'yancin zaɓar inda zai je sai ya cika shekara shida a babbar gasa, kuma a shekaru ukun farko ƙungiya ce kusan ke yanke masa albashi. Atlanta tana amfani da wannan ta hanyar zuwa wurin matashi tun da wuri da tayin dogon kwantiragi: kuɗi tabbatacce yau, a madadin abin da wataƙila zai samu nan gaba idan ya jira. Haka aka ɗaure Acuña a 2019 na shekara takwas a kan dala miliyan 100, Ozzie Albies na shekara bakwai a kan miliyan 35, sannan a 2022 Austin Riley na shekara goma a kan miliyan 212, da Michael Harris II da Spencer Strider tun suna shekararsu ta farko. Wanda ya ƙi sa hannu da wuri, ya jira ya kai kasuwa, yawanci ƙungiyar ba ta bin sa da farashi. A matsayina na mai goyon baya tsarin ya ba ni shekaru na ganin fuskoki iri ɗaya, amma kwantiragin Albies, musamman, ban taɓa jin daɗinsa ba, domin kuɗin ya yi ƙasa ƙwarai da darajar aikinsa, kuma an san matashin da ya fito daga ƙaramin tsibiri kamar Curaçao ba zai yi saurin juya wa tabbataccen kuɗi baya ba.

Ƙungiyoyin 2022 da 2023 sun fi ta 2021 ta kowace fuska da za a iya aunawa. A farkon Yunin 2022 Mets na gaba da tazarar wasa goma da rabi, sai aka kira Harris kai tsaye daga mataki na biyu na ƙananan rukuni a ƙarshen Mayu, aka mayar da Strider cikin masu fara jifa, aka ci wasa 14 a jere, aka ƙare da nasara 101 da kambin rukuni. A 2023 aka ci 104, ƙungiyar ta buga ƙwallo 307 waje da katanga, daidai da tarihin da Minnesota ta kafa a 2019, Acuña kuma, a kan gwiwar da aka yi wa tiyata, ya buga 41 ya saci tasha 73 (wato ya ruga tasha ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba), haɗin da babu wanda ya taɓa yi. Duka shekarun biyu Philadelphia Phillies ce ta fitar da su a zagayen farko na fitar da gwani da suka buga, wasa uku da ɗaya. Na ji masu goyon baya da yawa suna cewa a rushe komai, cewa ƙungiyar ba ta da zuciyar Oktoba, watan wasannin fitar da gwani. Ban yarda ba a lokacin, yanzu ma ban yarda ba. Wasa huɗu ba sa iya ƙaryata wasa 162, kuma ƙungiyar da ta fi kowa kyau a besbol ma tana rasa kusan wasa sittin a shekara, don haka babu mamaki idan uku daga cikinsu suka faɗo a mako ɗaya. Wannan sa'ar da ta juya wa Atlanta baya a 2023 ita ce ta tsaya mata a 2021, lokacin da ta fitar da Dodgers mai nasara 106. Tsofaffin masu bin ƙungiyar sun san wannan tun zamanin Greg Maddux da Tom Glavine da John Smoltz, lokacin da aka ci kambin rukuni sau 14 a jere daga 1991 zuwa 2005 amma kofi ɗaya kawai ya zo.

Shekarar 2024 ce ta fi burge ni a aikin ofis, ko da yake ba a kai ko'ina ba. A ƙarshen Disambar 2023 aka ba Boston matashi Vaughn Grissom aka karɓo Chris Sale, mai jifa ɗan shekara 34 wanda rauni ya cinye masa kusan kaka huɗu. Na ɗauka caca ce mai hatsari. Sale ya jagoranci National League a yawan nasara da 18, da yawan masu bugu da ya fitar da jifa da 225, da ƙarancin makin da ake cin sa, ya kuma lashe kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa a karon farko a rayuwarsa. Ba don shi ba da kakar ta mutu tun da wuri, domin Strider ya tafi tiyatar gwiwar hannu a Afrilu, Acuña ya tsinka jijiyar ɗaya gwiwar a Pittsburgh a ƙarshen Mayu, Albies da Riley da Harris duk sun yi doguwar jinya. Guguwar Helene ta sa aka ɗage wasa biyu da Mets zuwa 30 ga Satumba, aka buga su a rana ɗaya, Atlanta na buƙatar cin ɗaya. Aka rasa na farko 8 da 7, sai kuma labari ya fito cewa bayan Sale ya riƙe, ba zai yi jifa ba. Wanda aka miƙa wa ƙwallo shi ne Grant Holmes, mutumin da ya shafe shekara goma a ƙananan rukuni kafin ya taka babbar gasa a watan Yunin shekarar, sunan da na fara gani a irin sanarwar nan mai layi biyu. Ya yi zagaye huɗu ba a ci shi ba, aka ci 3 da 0. Kwana biyu bayan haka San Diego ta fitar da su, amma ban ji haushin kowa ba.

Kakar 2025 kuwa tun makon farko ta karkace. An rasa wasa bakwai na farko a jere, kuma Jurickson Profar, wanda shi ne babban sayen da aka yi a hunturu, na shekara uku a kan dala miliyan 42, an dakatar da shi wasa 80 saboda an samu haramtaccen sinadari a jikinsa bayan ya buga wasa huɗu kacal. Daga nan masu fara jifa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai duka biyar ɗin da aka buɗe kaka da su, Sale da Reynaldo López da Spencer Schwellenbach da AJ Smith-Shawver da Holmes, suka taru a jerin masu jinya na kwana 60. A nan ina ganin akwai laifin ofis. An bar Fried da Charlie Morton sun tafi, mutum biyu da suka saba ɗaukar nauyin zagaye masu yawa, ba a kawo wani gogaggen mai fara jifa a madadinsu ba, aka dogara da cewa hannayen da ke nan za su riƙe, alhali shekarar da ta gabata ta riga ta nuna yadda rauni ke zuwa a tare. Mutumin da na yaba wa saboda raba aikin Acuña ga mutum huɗu a 2021, a wannan karon bai tanadi na biyu da na uku a inda aka fi buƙatarsu ba. Aka ƙare da nasara 76 da rashin nasara 86, karo na farko tun 2017 da ba a kai zagayen fitar da gwani ba, Brian Snitker, wanda ke cikin tsarin ƙungiyar tun 1977 kuma yake horar da ita tun 2016, ya sauka daga kujerar koci, mataimakinsa Walt Weiss ya gaje shi.

Ko a cikin wannan shekarar akwai ranar 23 ga Mayu, da Acuña ya dawo daga tiyata ta biyu ya buga jifar farko da aka yi masa waje da katanga. Akwai kuma wani layi da na karanta a watan Maris, lokacin atisayen share fage a Florida, cewa haƙarƙarin Sean Murphy, mai cafe ƙwallon da mai jifa ke jefowa, ya tsage bayan ƙwallo ta same shi, kuma zai rasa farkon kaka. Wannan ne ya buɗe wa Drake Baldwin ƙofa, matashin da aka ɗauka a zagaye na uku na zaɓen sababbin 'yan wasa a 2022, wanda ba don raunin ba da wataƙila a Gwinnett zai fara shekarar. Da Murphy ya warke ba a iya mayar da Baldwin Gwinnett ba, saboda sandarsa ta riga ta yi masa magana, kuma a watan Nuwamba aka zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasa na National League. A ƙarshen kakar 2025 Atlanta tana da masu cafe biyu da kowannensu ya cancanci buga wasa kullum, ɗaya yana kan dogon kwantiragi, ɗayan yana kan mafi ƙarancin albashi, ga kuma gurbin masu fara jifa da ke buƙatar cikewa, kuma yadda Anthopoulos zai warware wannan shi ne abin da nake buɗe sanarwar ƙungiyar domin in gani.